Godiya ga ma'aikatan ɗakin karatun da Innarmu ta yi aiki

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Na rubuto ne a madadin ni da ƙannena, mu yi godiya a bainar jama'a ga shugaban ɗakin karatu da duk ma'aikatansa, tun daga masu biro har Baba mai gadi, saboda abin da suka yi mana da Allah ya yi wa Innarmu rasuwa. Godiyar cikin zaure ta yi kaɗan wallahi, shi ya sa na kawo ta nan kowa ya gani.

Wanda ya yi lakwal a garin nan ya taɓa zuwa aron littafi zai tuna ta, Tanti yara ke ce mata. Ita ce mai rajista, ita ce mai kati, kuma ita ce ke zama da allura da zare da ƙaro tana ɗinke littafin da ya yage, don a wurinta littafi ba ya mutuwa sai in gara ta cinye shi, garar ma kullum cikin yaƙi suke. Lokacin hunturu ƙura ta cika kantoci, da tsumma take bi ɗaya bayan ɗaya. In jarabawar BEPC da BAC ta matso, ga zafin watan Mayu ga kuran yana ɗaukewa, ba ta korar yara ko lokacin tashi ya yi, sai ta ja kujera bakin ƙofa ta jira su gama. Yaro ya tambaye ta tarihi kuwa ya shiga uku da daɗi, za ta faɗa masa Sarki Tanimun da ganuwar Birni, ta faɗa masa nan ne babban birnin ƙasa kafin a maida shi Yamai a 1926, sannan ta ce tashi ka ɗauko littafin ka gani da idonka.

Amma mu a gida da kiɗa muka san ta. Ƙwarya take bugawa, kiɗan amada, ta kifa ƙwarya cikin ruwa ta sa 'yan sanduna, muryarta har maƙwabta. Bikin dangi a Birni ko Zango ba ya cika sai ta zo. Da waƙa ta yaye mu, da waƙa ta koya mana ƙidaya, kuma albashin nan nata ɗan kaɗan da shi ta sa mu duka lakwal bayan rasuwar Baba, ba mu taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

To ga abin da mutanen nan suka yi. Tana kwance asibiti ba su bar mu mu kaɗai ba, suna zuwa bi da bi, wani da abinci wani da kuɗin magani. Ranar jana'iza mazansu har maƙabarta, matan kuma suna cikin gida tare da mu har addu'ar bakwai. Wannan kam zumunci ne, Allah ya biya. Abin da ya sa ni kuka shi ne bayan arba'in da Malam shugaba ya kira ni a talho ya ce in zo, na tarar sun buɗe durowarta sun samu kaye cike da waƙoƙin da ta rubuta da hannunta, wasu da boko wasu da ajami, ga tsofaffin kaset. Ba su jefar ba, ba su kuma ajiye a sito ba. Wani matashi cikinsu ya zauna ya kwashe muryar daga kaset ya zuba a kwamfuta, ya ba kowannenmu a katin memori, sisi bai karɓa ba, na matsa masa ya ce Tanti ce ta yi masa katin aro na farko yana ɗan firamare. Kayen kuma suka sa masa bango mai kauri irin yadda take yi.

Malam, mun gode. Iyayenmu mata na biro, mun gode. Allah ya jiƙan Inna ya sa aljanna ce makomarta, ya saka muku da alheri.

Roƙona ga jama'a, duk wanda ke da kaset ko bidiyon biki da Inna ta yi waƙa a ciki, don Allah ya kai ɗakin karatun, za su kwafa su maido masa abinsa.

'Yarta ta fari, daga unguwar Birni.