Yaya Yana Son Jinginar da Gidan Gadonmu a Banki

Zuwa ga lauya mai amsa tambayoyin masu sauraro,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman shawararka a kan gidan da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, sai mahaifiyarmu. Malamin da ya yi mana lissafin gado ya kasa gidan takwas, Hajiya ta samu tumuni, kowane namiji kashi biyu, kowace mace ɗaya. Sai dai rabon a takarda ya tsaya, ba a ja katanga ba, zaure ɗaya ne, rijiya ɗaya, kuma takardar shaidar mallaka har yau da sunan marigayi take.

Yanzu babban yayanmu, mai sana'ar takin zamani, yana son karɓar rance daga wani banki, an kuma ce masa sai ya kawo gida jingina. Ya kawo mana fom mu sa hannu, yana cewa kasonsa kaɗai zai jinginar, sa hannunmu kuwa shaida ce kawai. Ban zargi Yaya da ha'inci ba, shi ya ɗauki nauyin karatuna, amma hankalina bai kwanta ba, domin ban ga yadda banki zai karɓi rubu'in gidan da ba a shata iyakarsa ba, alhali Hajiya tana zaune a ciki da marayun 'yar'uwarmu.

Shin mai kaso a gidan tarayya yana da ikon jinginar da nasa ba tare da yardar sauran ba? Idan na sa hannu, shaida na zama ko kasona ma ya shiga jinginar, har a sayar da gidan ɗungurungum ranar da biya ya gagara? Na san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai irin wannan takarda, to ta yaya za a nemi amincewar kan takardar da mai sunan ya rasu? Idan kuma aka kai ga sayar da kason Yaya, haƙƙin shuf'a da shari'a ta ba abokan tarayya zai ba mu damar saye kafin bare? Batun kuɗin ruwa na bar wa malamai.

Ni malamar makaranta ce, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashina zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma ina da burin neman rancen ginin kaina wata rana. Ina tsoron kada wannan sa hannu ya toshe mini wannan hanyar.

Yaya yana son amsa kafin damina ta sauka, ni kuma ba na son maganar ta kai mu gaban alƙali. Don Allah a sakaya sunana.

Wassalam,
Wata mai sauraro daga Katsina