Manga mai yi wa labaran isekai shaguɓe: inda dariyar take da inda take mutuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan littattafan zane na Japan, wato manga, musamman waɗanda ke yi wa labaran isekai ba'a. Mutane da yawa na ɗauka shirme ne kawai aka tara aka zana. Alhali gini ne mai ma'auni, kuma da an kuskure ma'aunin sai dariyar ta mutu.

Isekai a Japananci na nufin wata duniya. Ƙashin labarin kusan ɗaya ne: saurayi mai zaman kashe wando ya mutu, yawanci babbar mota ce ta buge shi; wata allahiya ta tarbe shi ta ba shi baiwar da babu mai irinta; ya farka a duniyar takubba da sihiri, ya yi rajista a ƙungiyar mafarautan dodanni, 'yan mata su kewaye shi, ya nufi sarkin shaiɗanu. Dandalin intanet na Shosetsuka ni Naro, wanda aka buɗe a 2004, shi ne ya fi yaɗa wannan tsari, domin kowa na iya ɗora labarinsa kyauta, kuma wanda ya samu masu karatu sai kamfani ya buga shi littafi, daga nan a zana shi manga. Da tsarin ya zama sananne kamar hanyar gida, sai yi masa shaguɓe ya yi sauƙi.

Ƙa'ida ta farko ita ce a bar tsarin a tsaye, a zare bulo ɗaya. KonoSuba na Natsume Akatsuki, wanda ya fara a intanet a 2012 kuma Masahito Watari ya fara zana shi manga a 2014, ya nuna yadda ake yi. Mutuwa tana nan, amma jarumin labarin, Kazuma, ya zaci babbar mota ce ta taso, ashe tarakta ce mai tafiyar hawainiya, firgita ce ta kashe shi. Baiwa tana nan, amma don haushi ya zaɓi ita allahiyar, Aqua, wadda ta zame masa ƙarfen ƙafa. Suka isa ƙungiyar ba su da kuɗin rajista, sai da aka yi roƙo. Suka kwana a barga, suka yi aikin lebura, aikin farautarsu na farko kuma kashe manyan kwaɗi 5 ne cikin kwana 3. Mai sihirinsu Megumin ta iya tsafin fashewa mafi ƙarfi, sau ɗaya a rana, ta yi shi ta zube ƙasa sai an goya ta. A lura, duniyar ba wasa take ba. Kwaɗon na haɗiye mutum da gaske, bashi kuma sai an biya. Da a ce kowa da komai na zolaya, babu abin da dariyar za ta jingina da shi.

Ƙa'ida ta biyu daga wasan barkwancin Japan na manzai aka aro ta: akwai boke, mai kwaɓa, akwai tsukkomi, mai hankalin da ke tanka masa nan take. Isekai Ojisan, wato labarin kawun da ya je wata duniya, na Hotondoshindeiru, wanda ya fara a 2018, ya raba aikin da kyau. Kawun ya yi shekara 17 a sume bayan mota ta buge shi a 2000, ya farka a 2017 da sihiri na gaske. A can duniyar kuwa dodo aka ɗauke shi saboda fuskarsa, aka yi ta farautarsa. Shi ke ba da labari da fuska a murtuke, ɗan 'yar'uwarsa Takafumi kuma ke ganin abin da shi bai gani ba, wato yarinyar da ke zaginsa son sa take yi. Kawun bai san irin wannan hali ba domin bai zama ruwan dare a labarai ba sai bayan ya suma. Abin da ya fi girgiza shi da ya farka shi ne jin cewa kamfanin wasannin bidiyo na Sega ya daina ƙera na'urar wasa, abin da ya faru a 2001.

Sai aikin shafi, wanda a ganina shi ne aka fi rainawa. Ana karanta manga daga dama zuwa hagu, saboda haka akwatin zane na ƙarshe kafin a juya takarda yana ƙasan shafin hagu. A nan gwani ke ɗana tarko: jarumi ya ɗaga takobi, an zana shi da inuwa da layuka masu nauyi kamar labarin yaƙi na gaske. A juya, babban akwati a saman shafin dama, ga shi ƙafafu a sama cikin bakin dodo. Tanka kuma a ƙaramin akwati na gaba, gajeriya, kalma uku ko huɗu. Idan ɗana tarkon da faɗuwar suka zo a buɗe ɗaya, ido ya riga ya leƙa, an gama. Idan aka zana ɗana tarkon da fuskokin wasa tun farko, shi ma an gama. Wannan ne ya sa karatu a waya, inda ake jan hoto ƙasa, kan rage wa wasu barkwancin kaifi.

Inda abin ke lalacewa kuwa, mafi yawa a dogon zango ne. Barkwanci ɗaya da aka gina littafi a kansa, kamar jarumin da ya dawo injin sayar da lemo, kan ƙare a kundi na biyu ko na uku idan ba a ƙara masa sabon sharaɗi ba. Masu dabara na ƙuntata wa jarumin: injin ba ya tafiya sai an ɗauke shi, ba ya magana sai 'yan jimlolin da aka ɗora masa. Matsala ta biyu ta fi muni. Don a riƙe masu saye, sai a fara ƙara wa jarumi ƙarfi, a ƙara 'yan mata, a kawo yaƙi mai babi goma, a wayi gari littafin ya zama abin da ya fito yi wa dariya. Alamar farko ita ce ranar da tsukkomi ya daina tankawa ya koma yabo. Matsala ta uku, mutanen cikin labarin su riƙa faɗa da baki cewa ai wannan irin na labaran isekai ne. Faɗin sunan abu ba barkwanci ba ne, sai an nuna abin da ya jawo wa mai shi.

Ga mai son farawa, ya karanta kundi ɗaya na isekai na gaske tukuna, sannan ya ɗauki na shaguɓe, in ba haka ba tarakta za ta wuce shi bai san me aka yi wa dariya ba. Iyaye kuma su duba alamar shekaru a bangon littafi, domin da yawa cikinsu na ɗauke da zane da kalamai da ba na yara ba.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku