Zuwa ga Dakta Aminu Maida, Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC): a ba mu makullin wayoyinmu

Assalamu alaikum ranka ya daɗe,

Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre Kano, na fi shekara goma a kan bencin nan. Kwanaki wata baiwar Allah mai sayar da awara ta kawo min wayarta, gilas lafiya batir lafiya ko ƙwarzane babu, amma manhajojin da take karɓar oda da su sun daina hawa wai Android ɗinta ya tsufa, kamfanin kuma tuni ya daina turo sabo. Na so in yi mata filashin in ɗora mata wani tsarin na kyauta irin su LineageOS, sai na tarar butloda, wato ƙofar da ake bi a ɗora wa waya sabon tsari, a garƙame, ba hanyar buɗewa. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Yallaɓai abin da ke ƙona min rai, Android a kan wata manhaja ta kyauta mai suna Linux aka gina shi, Linux kuwa lasisin GPL ne da shi, wanda ya ce duk wanda ya sayar maka da na'ura da shi a ciki dole ya ba ka asalin rubutun manhajar, ka karanta ka gyara ka ba wani. To sai kamfanin TiVo a Amurka, mai ƙera akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin, ya fito da dabara, ga rubutun nan an ba ka amma in ka gyara shi ka ɗora, akwatin ba zai tashi ba sai da sa hannunsu. Shi ya sa su Richard Stallman, wanda ya ƙirƙiro lasisin, suka fitar da GPL na 3 a 2007 don toshe wannan kafar, sai dai Linux ya tsaya a na 2, kuma ta nan masu wayoyi ke bi har yau. An ba ka gida an riƙe makulli kenan.

Ba wayar da ya halatta a sayar a Najeriya sai da amincewar NCC, ashe igiyar tana hannunku. Roƙona biyu ne, ku sa sharaɗi kamfani ya saki rubutun da GPL ya wajabta masa, sannan ranar da ya daina kula da waya ya bar mai ita ya buɗe butlodarsa. Tarayyar Turai tun Yunin 2025 ta tilasta wa kamfanonin waya sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, mu da wayar hannu take zagaya gida uku kafin ta mutu ai mun fi su buƙata.

Ita dai mai awarar ta ƙulle wayarta a bakin zani ta ce sai ta ɗauki adashi tukun.

Allah ya yi jagora.
Naka, wani mai gyaran waya daga Kano