A Waiwayi Masu Haɗa Ƙananan Motoci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata sha'awa da na daɗe a cikinta, wadda kuma ban cika ganin an ambace ta a rubuce-rubucen Hausa ba, wato haɗa ƙananan motoci na kwaikwayo da sauya musu kama. Duk baƙon da ya shigo ya tarar da ni sunkuye a kan tebur, da hantsaki a hannu, ina ƙoƙarin liƙa madubin da bai kai kan ashana girma ba, tambayarsa ɗaya ce: wane yaro ake yi wa abin wasa? Ba na jin haushin tambayar, domin ni ma haka na ɗauki abin da farko, amma ina so masu karatu su san cewa aiki ne na awo da lissafi, kuma wanda bai san babbar mota ba, ƙaramar ba za ta yi masa kyau ba.

Motocin iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, waɗanda ake narka tutiya da aka gauraya da ɗan alminiyom a zuba a mazubi, su fito a haɗe da fentinsu. Kamfanin Meccano na Ingila ya fara sayar da irin waɗannan da sunan Dinky Toys a 1934, sai Matchbox ya biyo baya a 1953 da motocin da ake sakawa a kwali mai kama da na ashana, sannan kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels a 1968. Akwai kuma na roba, waɗanda suke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, injin daban, kujeru daban, sitiyari daban, wani lokaci fiye da guda ɗari, sai mutum ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya liƙa, ya yi fenti. Tamiya na Japan, wanda ya fara a 1946 a garin Shizuoka da sana'ar katako kafin ya koma roba, da Revell, da Italeri na Italiya da ya yi suna wajen manyan motoci, duk suna yin wannan iri na biyu, kuma a kansa ne mafi yawan maganata za ta tsaya.

A jikin kowane kwali akwai wasu lambobi da sabon shiga ba ya kula da su, alhali su ne tushen aikin gaba ɗaya. Idan an rubuta 1:24, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramar motar yana tsaye ne a madadin santimita 24 a jikin ta gaske, saboda haka motar da tsawonta ya kai mita 4.8 za ta dawo santimita 20 daidai. Kamfanonin Amurka sun fi son 1:25, na Turai da Japan kuma 1:24, bambancin da ido ba ya saurin kamawa sai an jera motocin biyu kusa da juna. Ƙananan na ƙarfe da ke shiga tafin hannu yawanci suna wajen 1:64, su kuwa na 1:43 da na 1:87 sun samo ma'auninsu ne daga ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, domin a ajiye su a gefen titin jirgi su dace da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara gane wannan lissafi shi ne cewa raguwar ba a tsawo kaɗai take ba. Tunda tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu sau 24, jikin motar ya ragu sau 13,824 ke nan, ta yadda motar da ke da nauyin kilo 1,400 za ta dawo wajen giram 100 kacal. Haka kuma duk kuskuren da hannu ya yi, ma'aunin yana ninka shi. Ratar milimita ɗaya da aka bari tsakanin bonet da bodi daidai take da ratar milimita 24 a mota ta gaske, wadda babban yatsa zai shige ta, kuma babu mai sayen mota da zai yarda da irin wannan aiki. Wayar fulogi mai kaurin milimita 7 dole ta koma wajen milimita 0.3, shi ya sa muke warware tsofaffin wayoyin lantarki muna zaro siraran silin da ke ciki. Wanda ya sa waya mai kaurin milimita ɗaya, ya sa wa injinsa tiyon ban ruwa ne bai sani ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa mai wannan aiki yakan koyi kallon mota da wani irin ido: yana tsayawa a gefen tifa yana duba inda tankin mai yake, da yadda salansa ta lanƙwasa, da adadin notinan da ke jikin wili, alhali sauran jama'a wucewa kawai suke yi.

Gam ma yana da nasa ilimin. Wanda aka yi domin robar waɗannan motoci narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe su zama abu ɗaya, kamar walda, don haka ba ya kama wurin da aka riga aka yi wa fenti, kuma sassan da aka yi wa ruwan ƙyalli, irin su bamba, sai an kankare ƙyallin a daidai inda za a liƙa. Na koyi wani darasin da tsada a kan wata babbar mota da na shafe kusan wata biyu ina haɗawa. Na gama komai, saura gilashin gaba, sai gaggawa ta sa na ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take. Da gari ya waye na tarar gilashin ya yi fari fat daga ciki kamar hazo ya sauka a kansa, domin tururin irin wannan gam yana kwanciya a kan roba mai garai-garai ya dusashe ta. Da farin gam na katako na yi amfani, wanda yake bushewa ya zama garai-garai kamar ruwa, da ban shiga wannan ba. Motar tana nan a kan kantar ajiya har yau, na juya fuskarta bango.

Fenti kuwa shi ne inda haƙurin mutum yake bayyana. Ana wanke bodi da sabulu, a goge layukan da mazubi ya bari da samfefa mai laushi, a fesa fentin ƙasa, wato shafin farko da sauran fenti zai kwanta a kansa, sannan a bi da launin da ake so, shafi mai sirara sau uku ko huɗu, ana jira tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri yana cike layukan ƙofa ya binne hannun buɗewa. A kuma yi feshin inda iska ke kaɗawa, domin tururinsa ba abin shaƙa ba ne.

Sai maganar sauya kama, wadda ita ce ta fi jan hankalin matasa, kuma a nan ne nake da ɗan ƙorafi. Abin ba sabo ba ne, domin tun a 1958 kamfanin AMT na Amurka ya fara sayar da kwalin da ke ba mutum zaɓi uku: ya haɗa motar yadda ta fito daga masana'anta, ko ya ƙawata ta, ko ya mayar da ita ta tsere. Masu aiki da ƙananan na ƙarfe kuma sukan huda ƙusoshin da suka riƙe bodi da ƙasan motar, su raba ta biyu, su wanke tsohon fenti, su canja tayoyi. Duk wannan yana da kyau. Abin da ba na so shi ne mutum ya tara duk abin da ya samu ya liƙa, ya sa tayoyin da in a gaske ne ba za su iya juyawa a cikin raminsu ba, ko ya dasa injin da bonet ba zai rufu a kansa ba. A ganina, gyara mai kyau shi ne wanda makanike zai duba ya ce lalle wannan za ta tashi ta yi tafiya.

Manyan motoci sun fi tona asirin wanda bai yi bincike ba. Kan tirelar Turai, irin na Scania ko Volvo, fuskarsa a shafe take, direba yana zaune a saman injin, saboda dokar can tana ƙayyade tsawon kai da bodi gaba ɗaya, yawanci mita 16.5, don haka duk abin da hanci ya ci an rage shi ne daga wurin kaya. A Amurka kuwa, tun bayan dokar 1982 da ta mayar da hankali kan tsawon bodin kaɗai, masu dogon hanci irin su Peterbilt da Kenworth ne suka mamaye hanya. Wanda ya san wannan ba zai haɗa kan tirelar wata nahiya da bodin ta wata ya ce ya kwaikwayi gaskiya ba. Haka zancen yake wajen tsufar da mota da gangan, wato yi mata tsatsa da ƙura da zubar baƙin mai. Tsatsa tana farawa ne inda ruwa ke kwanciya, a ƙasan ƙofa da bakin ramin taya, ƙura tana taruwa a baya da ƙasa, fenti kuma yana goguwa a matakalar da direba ke takawa kullum. Na sha ganin motar da aka watsa wa launin tsatsa ko'ina har saman gilashi, alhali gilashi ba ya tsatsa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda masu wannan sha'awa za su aiko da hoton aikinsu tare da bayanin ma'aunin da suka bi da abin da suka sauya, har da wanda suka ƙera da hannunsu daga kwali ko gwangwani ko waya, muddin sun auna. Idan aka buɗe gurbin, ni ne zan fara aiko da hoton babbar motar nan mai farin gilashi, domin kada wani ya ɗiga irin gam ɗin da na ɗiga.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku