Sanarwa kan kalmomin da ke cikin takardar tsarin kula da majinyaci

Assalamu alaikum ƴan uwa mataimakan jinya, barkanmu da aiki.

Takardar nan da likita, nas, mai gashin ƙashi da jami'ar abinci suke haɗuwa su tsara wa majinyaci, mu ne muke aiwatar da mafi yawanta a bakin gado. To dole mu san yarenta.

Buri daban, mataki daban. Buri shi ne inda ake so majinyaci ya kai: dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ya iya zama a bakin gado da kansa. Mataki kuwa aikin da za a yi ne, kamar juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi. ADL na nufin hidimomin yau da kullum: wanka, sa tufa, cin abinci, zuwa bayi. NPO kuma kada komai ya shiga ta baki, ko da kurɓin ruwa ne. Ku yi wa masu jinya bayani da lallami, domin tausayi kan sa su miƙa kunu a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne rahotonmu. “Yana jin sauƙi” ba ya amfanar kowa a wajen taro. Ku rubuta abin da ido ya gani: ya sha rabin kofi, ya ƙware sau 2, dugadugansa ya yi ja kuma jan bai washe ba da aka danna. Wannan ƙwarewar kaɗai tana iya sa a sauya masa kaurin abinci.

Duk kalmar da ta shige muku duhu, ku tambayi nas ɗin da ke bakin aiki kafin ku taɓa majinyaci.