Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Shuka Itatuwan Marmari a Tukwane da Ƙananan Lambuna

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a wannan shekara, da abin da idanunmu suka gane mana a gidajenku.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zagayen duba itatuwa a gidajen waɗanda suka gayyace mu. Abin da muka tarar ya tayar mana da hankali: yawancin itatuwan da suka mutu ko suka tsaya cak, yawan ruwa ne ya yi musu illa, ba ƙwari ba. Mutum zai ga ganyen lemonsa ya yi rawaya yana zuba, sai ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ban ruwa, alhali saiwar ce ta fara ruɓewa. Saiwa tana shaƙar iska, kuma idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta takan ƙare, cututtukan ruɓa su samu ƙofa. Lemo na cikin masu saurin kamuwa. Mun ga tukwane da dama marasa ƙofar fitar ruwa, mun ga waɗanda aka cika da laka zalla, mun kuma ga waɗanda aka zuba wa tsakuwa a gindi da nufin ruwa ya tsane. Wannan na ƙarshe al'ada ce da ta yaɗu, amma ba ta taimakawa, sai ma ta ɗago wurin da ruwa ke kwanciya kusa da saiwa. Abin da muka koyar a kowane gida shi ne a huda tukunya ƙofofi masu faɗi, a ɗora ta kan bulo, a haɗa ƙasa da rairayi mai kauri da takin da ya ruɓe sosai, kuma kafin a ba da ruwa a tura yatsa kamar santimita 5. In da danshi, a jira. In za a ba da ruwan kuwa, a ba da shi har ya fito ta ƙasa, domin hakan ne ke wanke gishirin takin zamani da ke taruwa yana ƙona bakin ganye.

Mun tsaya a kan wannan batu ne saboda itacen da ke tukunya ba shi da inda zai miƙa saiwa ya nemi abin da ya rasa. Ruwansa, abincinsa, har zafin da saiwarsa ke sha a cikin baƙar roba da tsakar rana, duk a hannun mai shi suke.

Na biyu, mun gudanar da horo kan auren itatuwa, wato haɗa reshen itacen da ake so a jikin wani ƙaramin itace su zama ɗaya, kuma shi ne zaman da ya fi tara jama'a. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, ga girman da ƙaramin wuri ba zai ɗauka ba, amma mai aure yakan fara cikin shekara 3 zuwa 4, kuma 'ya'yansa irin na uwar da aka yanko reshen ne. An koyi yanka, ɗauri da kula da wuƙa. An kuma jaddada abu biyu da ake yawan mantawa: kada a binne mahaɗar auren lokacin dashe, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi nan take, in ba haka ba zai rinjayi reshen da aka aura, a wayi gari ana renon itacen da ba shi aka so ba. Matasanmu sun nuna hannu mai kyau a wannan aiki, muna yaba musu ƙwarai.

Game da zaɓen iri, abin da muka gani a bana ya ƙara tabbatar da shawararmu. Lemun tsami, gwaiba, rumman da ɓaure sun fi jure zaman tukunya, muddin ta kai lita 40 zuwa 60 kuma itacen yana samun rana awa 6 zuwa 8 a yini. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya fara da ɗayansu. Mun san akwai wuya a ce wa mutum ya tsinke 'ya'yan farko na ƙaramin itacensa, amma waɗanda suka daure suka yi hakan sun samu rassa masu ƙarfi.

Ƙwari ba su yi mana ɓarna mai yawa ba. Inda aka ga tururuwa na hawa da sauka, mun duba bayan ganye mun tarar da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan itace, kuma ruwan sabulu mara ƙarfi da man darbejiya da yamma sun wadatar. Ƙudan da ke huda gwaiba da mangwaro ya fi naci. Maganinsa a rufe 'ya'yan da jakar takarda tun suna ƙanana, a kuma kwashe waɗanda suka faɗi kullum, domin a cikinsu tsutsar ke girma.

Musayar dashe da rassan aure tsakanin mambobi ta gudana lafiya. Bayanin shige da ficen kuɗi yana wurin ma'aji, zai karanta shi a zauren taro.

A shekara mai zuwa za mu fara da sauya tukwane. Itatuwan da suka shekara 2 ko 3 a wuri ɗaya saiwarsu ta naɗe ta cika tukunya, suna buƙatar a rage ta a sabunta ƙasa. Duk mai irin wannan itace ya ba sakatare sunansa kafin a tashi taro, domin a tsara ranakun zagaye, kuma muna roƙon waɗanda suka ƙware a aure su ɗauki sababbin mambobi su koya musu.