Godiya ga masu manhajar sudoku, kun raba ni da canki-canki

Assalamu alaikum.

Zuwa gare ku ma'aikatan da ke kula da manhajar sudoku ɗin nan da nake bugawa kullum, musamman ɓangaren da ke amsa ƙorafin mutane. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ce bari in rubuto wannan a fili kowa ya gani, tunda lokacin da zan yi ƙorafi da zafina na zo muku, bai kamata kuma godiyar ta zo a ɓoye ba.

Abun ya faro ne tsakanina da ƙanwata. Ni na saka mata manhajar a waya, ni na zaunar da ita na nuna mata yadda ake yi, cewa gurbi 81 ne, layi 9 a kwance 9 a tsaye, ga akwatuna 9 kowanne da gurbi 9, kuma kowane layi da kowane akwati dole 1 zuwa 9 su shiga ba tare da wata lamba ta maimaita kanta ba. Kallon ɗaliba nake mata wallahi. Da aka kwana biyu sai muka fara gasa a wasan ranar nan da kuke sakawa kowa iri ɗaya, ran nan na gama nawa a minti 11 ita kuwa sai da ta kwashe minti 17 tana fama, na ɗauki hoton allona na tura mata har da dariya, ita ko uffan ba ta ce ba kawai ta turo nata. Makinta ya fi nawa, kuma ba da kaɗan ba. Da na matsa mata da tambaya abin da kawai ta ce shi ne "Yaya ai sauri ya haifi nawa", ta ci gaba da harkarta.

To ni a lokacin ban ga laifina ba, naku na gani. A daren na rubuta muku saƙo, ba zan maimaita kalaman ba don ni kaina yanzu kunya suke ba ni, na dai ce lissafinku ba daidai yake ba, ta yaya wanda ya riga gamawa zai zo a baya, kuma na ce in ba a gyara ba goge manhajar zan yi. Na ɗauka ma ba wanda zai karanta, ko kuma a turo min irin amsar nan ta inji mai cewa mun gode da saƙonka shi ke nan.

Amma mutum ne ya amsa, kuma ka san mutum ne don ya duba ainihin wasan da na buga. Bai rama zafin ba ko kaɗan. Ya ce Malam ka yi haƙuri, bari in nuna maka inda makin ya tafi, sannan ya warware min dalla-dalla, cewa saurin da na yi an ba ni ladansa har ma na fi ta a wannan ɓangaren, sai dai na saka lambar da ba daidai ba sau biyu an cire, kuma na danna ƙwan fitilar nan na neman taimako, mai ba ka haske in ka maƙale, har zuwa matakin ƙarshe inda manhajar ke cike gurbin da kanta, shi ma an cire mai yawa. Ita kuwa ba kuskure ko ɗaya, hasken ma sau ɗaya ta nema kuma a matakin farko ta tsaya. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ashe duk wannan bayanin yana nan a ƙarshen kowane wasa, akwai wata 'yar kibiya a ƙasan makin in ka taɓa ta sai ya buɗe ya nuna maka nawa ka samu daga wahalar wasan, nawa daga lokaci, nawa kuskure ya cinye, nawa haske ya cinye. Ni ban taɓa dannawa ba ko sau ɗaya, ina gamawa sai in ruga na gaba.

Akwai wata magana da ya yi wadda ta zauna min. Ya ce sudoku na gaskiya amsa ɗaya tak yake da ita, shi ya sa ba a buƙatar canka, duk inda ka tsaya akwai hujja a kan allon da za ta kai ka gaba, ba ka dai gan ta ba ne. Ni kuwa a da in gurbi ya rage tsakanin lamba biyu sai kawai in jefa ɗaya, in ta yi ja in goge in saka ɗayar, ina ganin dabara ce. Ashe caca nake yi, manhajar ce ke min tunanin ni kuma ina karɓar yabo. Daga ranar na daina jin haushin makin da ake cirewa a kuskure, don in da ba a cirewa ai mai canki-canki ne zai riƙa zama na ɗaya kullum, mai zama ya yi tunani ya koma baya.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto, wato yadda kuka tsara hasken nan. Kafin taku na yi amfani da wata manhajar, ita in ka maƙale ka danna neman taimako sai a saka maka talla ka zauna ka gama kallo, sannan lamba ta faɗo cikin gurbi kamar daga sama, ba a ce maka don me ba. Ka wuce wurin amma ba ka ƙaru da komai ba, gobe in ka haɗu da irinsa nan za ka sake tsayawa ka sake kallon tallan. Har na fara zargin ko so ake kada mutum ya iya. A can ne ma na taɓa cin karo da wasan da a ƙarshe gurbi huɗu suka rage kuma ko ta yaya ka juya lambobin biyu daidai ne, amma manhajar ta ce ɗaya ce kawai ta yarda da ita.

Naku ba haka yake ba, hawa-hawa ne. Dannawar farko ba ta faɗa maka komai sai dai ta haska maka wani akwati ko wani layi, kamar mutum ya tsaya a bayanka ya ce kai duba nan da kyau. In ka ƙara dannawa sai ta faɗi dabarar da ke aiki a wurin da dalilinta, sai a ta uku ne take saka lambar. Kuma kowanne da nasa farashin a maki, na farkon ɗan kaɗan ne har ba ka cika ji ba, na ƙarshen ne mai zafi, kuma kafin ka danna ana nuna maka abin da za a cire ba sai daga baya ka gani ba. Wannan gaskiyar kaɗai ta isa a gode muku.

Bari in ba da misalin da ba zan manta ba. Wani dare na maƙale fiye da minti 10 ina ta zagaye allo, duk gurbin da na duba yana iya ɗaukar lamba uku ko huɗu. Na danna sau ɗaya, ta haska akwatin tsakiya, gurbi huɗu ne babu komai a cikinsa. Na ƙura masa ido ina tambayar kowane gurbi wace lamba za ta shiga nan, ban ga komai ba, har na kai yatsa zan ƙara dannawa sai wani tunani ya zo min na juya tambayar, maimakon me zai shiga gurbin nan sai na ce to ita 7 ina za ta zauna a akwatin nan. Akwai 7 a layin kwance na sama ta kashe gurbi biyu, akwai wata 7 a layin tsaye ta kashe na uku, saura ɗaya tak, dole nan ne gidanta duk da cewa gurbin a ido kamar zai iya ɗaukar wasu lambobin. Na saka ta zauna, daga nan wasan ya warware kamar an zare zare. In da lambar aka ba ni kai tsaye wallahi da har yau ban san ana juya tambayar ba, alhali yanzu da ita nake fara kowane wasa.

Ta mataki na biyu kuma na koyi amfanin ƙananan lambobin nan na fensir da ake rubutawa a kusurwar gurbi, waɗanda da nake ganin ɓata lokaci ne. Manhajar ta nuna min gurbi biyu a layi ɗaya, kowanne 3 da 8 kawai zai iya ɗauka, ta ce ba sai ka san wanne ne 3 wanne ne 8 ba, tunda dai su biyun sun riga sun cinye lambobin biyu to ka goge 3 da 8 daga sauran gurabun layin. Ina gogewa wani gurbi can gefe ya rage da lamba ɗaya. Abun ya burge ni sosai, wato ka ci gaba da abin da ba ka gama sani ba. Ita kuwa dabarar da ake kira X-Wing ta wahalar da ni ba kaɗan ba, inda lamba ɗaya, a ce 4, a layin kwance biyu daban ba ta da wurin zama sai a layukan tsaye guda biyu iri ɗaya, sai ka goge 4 daga sauran gurabun waɗannan layukan tsayen. Sai da aka zana min ita da launi kusan sau biyar kafin idona ya fara ganinta da kansa, kuma har yanzu ba kullum ba.

Wani abun da na yi ta kuskure a kai shi ne ina auna wahalar wasa da yawan lambobin da aka bayar tun farko, in na ga allo fayau sai gabana ya faɗi, in na ga a cike in ce wannan sauƙi ne, sai kuma in ga mai cikar an ba shi maki mafi yawa in rasa dalili. Ma'aikacin naku ne ya ce min ku da irin dabarar da wasan ke buƙata kuke auna shi, wanda sai da X-Wing zai warware ya fi wanda ido kawai zai gama, ko da na biyun ya fi ƙarancin lambobi. Wannan ya sa na je na ɗan karanta, na tarar ashe har masana lissafi sun zauna a kan maganar, a 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka tabbatar da taimakon kwamfuta cewa sudoku ba zai kasance da amsa ɗaya tak ba in lambobin farko ba su kai 17 ba. Amma ko mai 17 ɗin ba lallai ya zama shi ne mafi wuya ba.

A karatun ne ma na gane cewa ni da nake ɗauka wasan Japanawa ne tun asali, ashe a Amurka ya fara fitowa a mujalla a 1979, ana danganta shi da wani mai zanen gine-gine Howard Garns, sai a 1984 kamfanin Nikoli ya kai shi Japan inda ya samu sunan sudoku, jaridar The Times ta Landan kuma ta fara buga shi a 2004 daga nan ya bazu duniya. Ina tunanin masu yin sa a jarida a lokacin, in ka maƙale ba ƙwan fitila ba komai, sai dai ka jira fitowa ta gaba ka ga amsa a cike, ka ga lambar da ta gagare ka amma ba wanda zai ce maka ga dalili. Tsohuwar manhajar tawa ma ai hakan take yi, talla kawai ta ƙara a kai.

Tunda na zo bari in ɗan roƙi abu ɗaya, ba ƙorafi ba ne wannan karon. 'Yar kibiyar nan ta bayanin maki ta yi ƙanƙanta da yawa, ni da na yi watanni ban lura da ita ba na tabbata akwai irina da yawa da ke can suna jin haushi a banza. In da hali ku ƙara mata girma, ko ku sa ta buɗe da kanta a wasannin farko na sabon shiga. Sannan agogon, in kira ya shigo ana tsakiyar wasa wani lokacin ba ya tsayawa, sau biyu hakan ta faru da ni, ku duba don Allah.

Shi kuma bawan Allahn da ya amsa min, ku isar masa da gaisuwata ta musamman, ku ce masa mai zafin kan nan na wasan minti 11 ya ba da haƙuri kuma bai goge manhajar ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira, Ya sa albarka a aikinku.

Ƙanwar tawa har yanzu ita ke gaba a yawancin ranaku, amma a makon nan na doke ta sau biyu, ɗaya ma ban taɓa ƙwan fitilar ba sam, minti 19 na yi. Na tura mata hoton, wannan karon sai da na buɗe bayanin makin tukuna na ɗauka.

Naku mai godiya,
Wani mai buga wasan ranar kullum